Tarin yaro idan ya ƙi jin magani, a koma likita



Da hunturu ya kama, ƙura ta tashi, kusan kowane gida akwai yaro mai tari. Mafi yawa mura ce ko sanyin haƙarƙari, kuma maganin ƴan kwanaki ya isa. Amma akwai tarin da ake yi wa magani sau ɗaya, sau biyu, yaro na ta ramewa. Mu dai ra'ayinmu, a nan ne ya kamata a daina sayen ƙwayoyi a tebur, a koma CSI a nemi takardar zuwa babbar likitar Difa don hoton ƙirji.

Dalili kuwa, akwai wani ƙari da kan fito a huhun yara, likitoci na ce masa tumeur myofibroblastique inflammatoire. Ba kasafai ake samunsa ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Matsalarsa kama da tarin fuka: tari, zazzaɓi, ciwon ƙirji, wani lokaci jini cikin kaki. Sai yaro ya sha maganin fuka na wata 6 a banza, ƙarin na girma. Hoto ke nuna inuwarsa, sikana ta nuna girmansa, sannan a ɗebi ɗan tsokarsa a bincika. Idan aka yi aiki aka cire shi duka, yawancin yara na warkewa. A 2022 ma Amurka ta amince da maganin crizotinib ga wani nau'insa da aiki ba ya iya cirewa.

To amma irin wannan aiki sai a kai ga Yamai, fiye da kilomita 1.300 daga nan. Manomin tattasai da rikici ya raba da gonarsa tun 2015, ina zai samo kuɗin mota da na masauki? Maganin kyauta da gwamnati ta kawo a 2006 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ne, alhali ciwon nan kan kama har waɗanda ke lakwal.

Don haka muna kira ga magabatan komin da na jiha su ware kuɗin ɗaukar yaran da likita ya tura gaba, komai shekarunsu. Ku kuma iyaye, ku adana karne da kowane hoto, ku faɗa wa majo duk maganin da yaro ya sha.

Allah ya ba yaranmu lafiya. A tura wa wanda bai gani ba.