Ƙauyukan Udi Ba Na Mashaya Bammi Kaɗai Ba Ne

Akwai Hausawa da yawa a Uwani da Ama Hausa waɗanda suka shekara ashirin ko talatin a Enugu, amma iyakar abin da suka sani a ƙasar shi ne kasuwar Ogbete da tashar mota da masallaci. In aka ce da ɗayansu ya zo a zaga ƙauyukan Udi da Ngwo, sai ya kaɗa kai ya ce ai can ƙasar 'yan bammi ce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Ba shakka Udi ta yi suna wajen bammi. Safe da yamma masu tatsa suke hawa kwakwar manja da igiya, su sauko da ruwan da ya taru. Yana fitowa da zaƙi, amma cikin 'yan sa'o'i sai ya yi tsami ya zama abin sa maye. Wurin Ibo kuwa abin al'ada ne, don a bikin aurensu sai amarya ta kai wa ango ƙoƙon bammi a gaban iyaye. Musulmi ba ruwansa da shi, in aka miƙo masa sai ya yi godiya ya ce addininsa ya hana, shi ke nan.

To, amma abincin fa? Duk wanda ya biyo mota daga Arewa ya san Mil Tara, inda mata suke rufe mota da tallan okpa. Okpan nan ba kome ba ne illa garin gurjiya da aka dama da manja da barkono, aka ƙulle a ganyen ayaba ko leda, aka dafa kamar alale. Gurjiyar kuwa da yawa daga Arewa ake lodinta. Watau Bahaushe yana sayar da buhu, bai taɓa zama ya ga inda buhun yake ƙarewa ba. Haka nan akwai abacha, wanda ba abin da ya haɗa shi da marigayi Janar sai suna: rogo ne ake yankawa siri-siri a shanya, a jiƙa, a kwaɗa da manja da kanwa da busasshen kifi. Sai dai wasu suna sa ganda a ciki, saboda haka tambaya ta zama wajibi. Gaba kaɗan ga barkonon Nsukka rawaya mai ƙamshi, ga shinkafar Adani, ga gonakin kashu na Oghe.

Abin kallo ma bai yi kaɗan ba. Tsohuwar hanyar dutsen Milliken tana nannaɗewa kamar maciji, daga samanta ana hango birnin Enugu duka. A Ngwo akwai kurmi da kogo mai ruwa yana zubowa daga sama, a Awhum kuma akwai wani mafaɗar ruwan kusa da gidan masu ibada na Katolika. A duwatsun nan ne aka gano kwal a 1909, abin da ya jawo jirgin ƙasa daga Fatakwal, ya kafa garin.

Lalle ba bammi kaɗai yake tsare mutane a gida ba, akwai tsoro. Harin da aka kai Nimbo cikin Afrilun 2016 ya bar tabo a zukatan mutanen karkara, kuma zaman gida na ranar Litinin da aka soma a 2021 ya koya wa baƙi takatsantsan. Ba mai hankalin da zai ce a yi wasa da wannan. Amma ƙauyen da bai taɓa ganin Bahaushe ba sai a labarin tashin hankali, da wane ido zai dube shi? A garin nan ne fa aka zaɓi Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950, kuma Ibo ne suka jefa masa ƙuri'a.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Enugu, in da gaske baƙi take nema, ta gyara hanyoyin shiga waɗannan wurare, ta keɓe wurin alwala da salla a Mil Tara da Ngwo, ta kuma ja hankalin masu abinci su raba rumfar ci da rumfar sha. Sarakunan Hausawa su ma su tuntuɓi sarakunan ƙauyukan tun kafin a tashi, a tafi a ƙungiya da rana tsaka tare da maƙwabci ɗan ƙasa mai jin harshen. Lokacin bikin sabuwar doya, wajen watan Agusta, ya fi dacewa da fitar farko.