Kada Mu Damƙa Wa Kamfani Ɗaya Dukkan Makullanmu

'Yan uwa, kwanan nan wasu na ta kiran a kwashe komai a mayar Proton: imel, VPN, ma'ajiyar takardu, har kalmomin sirri. Ni dai wannan "komai" ɗin ne bai kwanta mini ba.

Ba kushe Proton nake yi ba. A Suwizalan aka kafa shi a 2014, kuma saƙonnin da ke ajiye wurinsa a kulle suke, shi kansa ba ya iya karanta su. Amma fa kamfani ne, doka na hawa kansa. A 2021, bisa umarnin hukumomin Suwizalan, ya miƙa adireshin IP na wani ɗan fafutukar kare muhalli a Faransa. Lavabit, wanda Edward Snowden ya yi amfani da shi, rana ɗaya ya rufe a 2013. Skiff kuwa, Notion ta saye shi a 2024, aka ce kowa ya kwashe kayansa.

To ku duba: in imel da kalmomin sirri duk makulli ɗaya ke buɗe su, ranar da aka toshe asusun ko ka manta kalmar shiga, shi ke nan. Shafukanka, takardunka da jerin wakilanmu na mazaɓu duk sun tafi lokaci guda.

Shawarata, a raba ƙafa. Imel wuri ɗaya, kalmomin sirri wani wurin daban, kamar Bitwarden ko KeePass. Muhimman takardu a ajiye kwafinsu a filashi. Lambobin dawo da asusu kuma a rubuta su a takarda, a adana a gida. Gemun wasu ya riga ya kama da wuta, mu shafa wa namu ruwa.