Raunin Da Ba A Ƙirgawa A Ojota

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Legas ya san hanyar Ikorodu, tun daga tashar Ojota zuwa Ketu har kasuwar Mil 12, inda motocin tumatir da albasa suke sauke kaya. Ya kuma san abin da yankin nan ya gani. A watan Nuwamba na 1999 rikici ya ɓarke a kasuwar tsakanin 'yan ƙungiyar OPC da Hausawa 'yan kasuwa, aka yi asarar rayuka masu yawa. Ran 27 ga Janairu, 2002, ma'ajiyar makamai ta barikin soja na Ikeja, wanda ba shi da nisa da Ojota, ta kama da wuta, mutane fiye da 1,000 suka halaka, akasarinsu a ruwan Oke-Afa inda suka faɗa garin gudu. Kwanaki kaɗan bayan haka sai ga faɗan Idi-Araba. A watan Maris na 2016 Mil 12 ta sake rincaɓewa, har gwamnatin jihar ta rufe kasuwar na ɗan lokaci.

Duk lokacin da ƙura ta lafa, akan ƙirga gawawwaki, a ƙirga rumfunan da suka ƙone, sarakunan Hausawa su zauna sulhu, a tara gudummawa. Wannan duk daidai ne. Amma akwai wanda ba ya shiga lissafi, shi ne mutumin da ya tsira ba ko ƙwarzane a jikinsa, aka yi masa barka, alhali kuwa tun daga ranar bai sake samun barci mai daɗi ba. Tayar mota ta fashe a tasha, sai ya zabura, gumi ya karyo masa. Ya daina bin wata hanya, ya zama mai saurin fushi ga iyalinsa, ya rame ba zazzaɓi.

Likitoci sun san wannan ciwo, har an ba shi suna a littattafansu a Amurka a 1980, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam. Yadda abin yake shi ne, idan mutum ya ga mutuwa muraran, ƙwaƙwalwa takan umarci jiki ya saki waɗansu sinadarai masu sa zuciya bugawa da sauri da ɗaure jijiyoyi, domin ya sami ƙarfin gudu. Ga yawancin mutane abin yakan kwanta cikin 'yan makwanni. Ga waɗansu kuwa ba ya kwantawa. Jikinsu yana nan a tsaye kamar mai gadi, shekara da shekaru, sai ka ga munanan mafarkai, ciwon kai, ciwon ciki, har da hawan jini. Ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne.

To, me akan yi wa irin wannan bawan Allah a zango? Wani ya ce aljanu ne, wani ya ce sammu, mafi yawa su ce ya yi haƙuri, namiji ba ya kuka. Haƙuri kyakkyawan abu ne, amma ba a taɓa ce wa mai karaya ya yi haƙuri ya bar maɗori ba. Da matashi ya rasa mai saurarensa, sai ya nufi mai sayar da ƙwaya domin ya sami barci, ciwo ɗaya ya zama biyu. Mata da yara kuwa, waɗanda suka kwana a bariki ko ofishin 'yan sanda suna jin kururuwa, ba ma a tambayarsu.

Magani yana nan. Farkonsa shi ne kwanciyar hankali da abokin zance wanda ba zai yi dariya ba, ba kuma zai tilasta a yi magana ba. Komawa sana'a, barci kan lokaci, da zama cikin jama'a a masallaci da majalisa, duk suna taimakawa. Idan abin ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa, sai asibiti, inda masana kan bi labarin da shi sannu a hankali har jikinsa ya yarda cewa haɗarin ya wuce, likita kuma ya ba da magani in da bukata. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Yaba, akwai asibitin koyarwa na jihar a Ikeja. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana a wulaƙanta mai irin wannan lalura.

Matsalar ita ce ɗan dako ko mai tura baro ba zai tashi da kansa ya tafi Yaba ba, don tsoron a kira shi mahaukaci, ga kuma bambancin harshe. Farfesa Adeoye Lambo ya gane irin wannan tun a 1954, lokacin da ya riƙa saukar da majinyata tare da danginsu a gidajen mutanen ƙauye kusa da asibitin Aro a Abeokuta, maimakon a kulle su. Ya kamata majalisun sarakunan Hausawa na Agege da Mil 12 da Idi-Araba, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su nemi asibitocin nan su riƙa turo ma'aikata zango a ranaku sanannu, tare da tafinta, da mace mai duba mata. Limamai kuma su ambaci ciwon a huɗuba. In aka tara kuɗin gyaran rumfa, a ware na mota da na katin asibiti.