Wankin ƙoda ta ciki: ba ledar ruwa kaɗai ke riƙe majinyaci ba

Duk shekara idan ranar ƙoda ta duniya ta zagayo, a Alhamis ta biyu ta watan Maris, ana sake tayar da maganar wankin ƙoda ta ciki a matsayin mafita ga ƙasashe irin Nijar, inda injuna ke jibge a manyan birane. Dabarar ba ta buƙatar inji. Ana dasa siririn tiyo a cikin majinyaci, ya riƙa zuba ruwan magani kimanin lita 2, ruwan ya jawo datti ta tantanin da ya lulluɓe hanji, sannan a fitar da shi. Galibi sau 4 ake yi a rana, a gida. Hong Kong ta fifita wannan hanya tun 1985, Tailan ta bi sahu a 2008, Sudan kuma ta buɗe shirinta na ƙasa a 2005.

Sai dai muhawarar takan tsaya kan kuɗin ledojin ruwa, a manta da abin da majinyaci zai ci.

Ruwan da ake fitarwa yana tafiya da furotin, wato sinadarin gina jiki, gram 5 zuwa 15 a kullum, kuma asarar tana ƙaruwa idan ƙwayoyin cuta suka shiga tantanin. A ɗaya gefen, ruwan yana ɗauke da sukari, jiki kuma yana tsotse mai yawa daga ciki. Ga cikar ciki, ga sukari, sai sha'awar abinci ta ragu. Sikeli na iya nuna mutum ya ƙara nauyi alhali tsokarsa tana zubewa. Shi ya sa likitoci ke bin gwajin albumin a jini, domin raguwarsa na tafiya da ƙaruwar haɗarin mutuwa.

Ƙa'idar ƙwararru ta Amurka ta 2020 ta ba da shawarar gram 1 zuwa 1,2 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jiki. Mai kilo 60 ke nan yana buƙatar gram 60 zuwa 72 a rana, alhali ƙwai ɗaya kusan gram 6 ne. Tuwo da fura kaɗai da wuya su cike wannan. Dole a haɗa da kifi, nama, ƙwai, wake ko awara, tare da rage gishiri, magi da kanwa, kuma likita ya daidaita adadin, tunda wasunsu na da fosfat.

Batun ko wankin ya wadatar ma ya sauya. An daɗe ana dogaro da ma'aunin Kt/V, wanda ake so ya kai 1,7 a mako. Amma binciken ADEMEX na Meksiko, da ya fito a 2002 kan majinyata 965, ya nuna cewa ƙara yawan wankin bai ƙara musu tsawon rai ba. Sake duba binciken CANUSA a 2001 kuma ya gano cewa ɗan aikin da ya rage wa ƙodar shi ne ya fi tasiri. Don haka a 2020 ƙungiyar ƙwararrun wankin ciki ta duniya ta ce a duba mutum gaba ɗaya: cin abincinsa, kumburi, hawan jini, ƙarfin jikinsa.

Wannan ɗan ragowar aiki kuwa yana saurin lalacewa da magungunan ciwon jiki irin diklofenak da ibuprofen, waɗanda ake saye barkatai a tebur.

Ga mahukunta, duk shirin da zai kawo wannan hanya Maradi, Damagaram ko Tawa sai ya tanadi masu ba da shawara kan abinci da gwajin jini a kai a kai. Ƴan ƙasar waje masu turo kuɗin jinya kuwa, su san cewa kuɗin cefane ma yana cikin kuɗin magani.