Tsohon Injin Land Cruiser: Kada Ku Yi Gaggawar Rabuwa Da Shi

Malamin gona, idan ƙungiyar manomanku a Keffi na shirin sayar da tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ domin sayen sabuwar mota, shawarata ita ce ku dakata tukuna.

Kamfanin Toyota ya fito da wannan inji a 1990. Na dizal ne, lita 4.2, mai silinda shida a jere. Famfon mansa ba ya dogara da kwamfuta, saboda haka bakaniken da ya saba da bas ɗin Coaster, wadda da yawa irin injin ke cikinta, zai gyara shi ko a gindin bishiya. A Yuli da Agusta, sa'ad da hanyoyin ƙauyukan Kokona suka zama taɓo, yakan ja a hankali ba tare da ya mutu ba. Da haka taki ke isa gona kafin lokacin zuba shi ya wuce.

Sai dai ba shi da sauri, ƙarfinsa kimanin doki 130 ne kawai, ga shan mai, ga tsadar dizal tun 2022. In aka labta masa doya fiye da kima a kan hawa, zai yi zafi, kan injin na iya tsagewa. A riƙa wanke lagireto, musamman bayan girbi da ƙaiƙayi ke toshe shi. Dizal mai ruwa yana lalata famfo, don haka a canza filta a kan kari. Bel ɗin taimin kuwa a sauya shi duk kilomita 100,000. In ya tsinke a tafiya, ɓarnar na iya cinye kuɗin riɗin kaka guda.