Ra'ayinmu: A bar mesar Brisbane a silin, a gyara akurki

A watan Agusta na 2020, wani magidanci a jihar Queensland ta ƙasar Ostareliya ya dawo gida ya tarar silin ɗin kicin ɗinsa ya rufto. Mesa biyu ne, duka maza, kowanne ya haura mita 2, suka yi ta kokawa a cikin rufi har allon ya gaza ɗaukar nauyinsu. A can ba wanda ya riƙe baki. Da zarar sanyi ya ja baya, wajen Satumba, mazan kan bazama neman mace, kuma rufin gidajen unguwannin Brisbane, babban birnin jihar, ya daɗe da zama masaukinsu.

Mu da muka tashi da sanin cewa maciji sai sanda, abin zai yi mana banbaraƙwai. Amma dokar kare halittu ta Queensland, ta 1992, ta hana kashe macizai haka kawai, kuma mai lasisi ne kaɗai ke da izinin kama mesa ya kai ta daji. Masu goyon bayan dokar suna da hujja. Wannan mesa ba ta da dafi. Ɓeraye take ci, da wata dabba mai kama da gafiya da ake kira fosom, wadda ke hana mutane barci da guje-guje a kan silin. Gidan da mesa ta tare, sai mai shi ya wayi gari ya ji shiru. Kuma a ƙasar da macizai masu mugun dafi ke yawo a cikin gari, mutane da dama garin kisa ko kamu suke gamuwa da sara.

Masu tsoro ma ba za mu raina su ba. Mesa na haɗiye kaza, tana haɗiye kyanwa da ɗan kwikwiyo, in aka takura mata kuma tana cizo, da haƙora masu lanƙwasa baya da ke yaga fata. A 2023 likitoci a Canberra, babban birnin ƙasar, suka ba da labarin yadda suka zaro tsutsa mai rai, tsawon santimita 8, daga ƙwaƙwalwar wata mata mai shekara 64. Tsutsar irin ta cikin mesa ce, kuma ana zaton daga ganyen da matar ke tsinka a bakin tafki ta same ta. Karo na farko ke nan da aka ga haka a jikin mutum, amma ya isa a riƙa wanke ganye.

Matsayinmu shi ne dokar ta yi daidai. Mesar da ke kwance a silin ko bayan lambu, a ƙyale ta. Ko an biya mai kamu ya ɗauke ta, muddin ɓeraye na nan, wata za ta maye gurbinta, kuɗin kuma daga aljihun maigida ya fita. Aikin da ke gabansa shi ne ya rufe akurki da waya mai ƙananan ƙofofi, ya toshe kafofin rufi, ya daina barin tsabar kaji a warwatse, kyanwa kuma ta kwana a ɗaki. In ko ta shigo inda jariri ke kwance, ba sauran shawara: a fitar da yara, a ja ƙofa, a kira mai lasisi.