Filin Masu Sana'a: Me Ya Sa Zanen Leza Ba Ya Yin Baƙi?

A wannan mako filin namu zai leƙa rumfunan samarin nan masu zane a kan katako da injin leza, irin waɗanda ake samu a Shomolu ta Ikko da sauran manyan garuruwa. Kukansu ɗaya ne. A kawo musu aikin allon lambar yabo, ko kyautar biki guda ɗari biyu, su zana suna, rubutun ya fito ja-ja kamar shayin da aka cika wa ruwa. Mai kaya ya ce bai karɓa ba, katako ya tafi, kuɗin man janareto ya bi shi.

Abin da yawancinsu kan yi shi ne su ƙara wa injin ƙarfi. To, a nan gizo ke saƙa. Hasken leza, wanda aka fara samarwa a Amurka cikin 1960, ƙona katako yake yi, baƙin da ido ke gani kuwa gawayi ne da ya saura a cikin zanen. In wutar ta yi yawa sai naman katakon ya tashi ya zama hayaƙi, a sami rami mai zurfi amma ba launi. Matan Adamawa masu zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi sun riga mu sanin haka, gama babbaka fatar ƙwaryar suke yi sannu a hankali.

Saboda haka a rage ƙarfi, a rage gudu, zafin ya sami damar zama. Sa'an nan a nisanta katakon daga gilashin da ke tattara hasken da kamar milimita 2 zuwa 4, watau tsinin hasken ya ɗan baje. Baƙi zai ƙaru, sai dai ƙananan haruffa za su rasa kaifinsu. Iskar da injin ke hurawa ita ma a sassauta ta, don tana share gawayin, amma kada a kashe ta ɗungum, hayaƙi zai ɓata gilashi.

Akwai kuma dabarar boraks. A narka cokali ɗaya na cin abinci cikin rabin litar ruwan ɗumi, a shafe katakon, a bari ya bushe sarai, kana a zana da ƙarfi kaɗan. Zanen kan fito baƙi ƙirin kamar tawadar allo. Aibinsa shi ne baƙin yana bin hannu, tilas a fesa masa fenti marar launi kafin a taɓa. Ni dai ban yarda a sa shi a faranti ko abin wasan yara ba. Bekin soda ma tana yi, ko da yake takan sa katako ya yi rawaya.

Shi kansa katakon abin dubawa ne. Obeche fari ne, zane na fitowa a kansa ɓaro-ɓaro. Maɗaci da iroko kuwa masu duhu ne tun asali, kome dabararka baƙi ba zai bayyana sosai ba, gara ka gaya wa mai kaya haka tun kafin ka karɓi kafin alƙalami. A goge fuskar katakon da samfefa, a lulluɓe ta da salatif na takarda, don kada hayaƙi ya dushe gefen rubutu. Kowane sabon katako a fara gwada shi a kan guntu, kuma kada a bar injin yana aiki a tafi cin abinci, domin a hankali ɗin nan da muke so, da shi wuta ke kamawa.